Alhaji Muhammadu Bello Kagara (1890–1971): Malami, Alƙali, Mawallafin Ganɗoki

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun ɗauki shekarar 1933 a matsayin mafarin ƙagaggun labarai na rubutun boko. A wannan shekara ce Hukumar Talifi da ke Zariya ta shirya gasar rubuta labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar da har yau ake karantawa a makarantu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ganɗoki, littafin da ya zana surar barden Hausa a fagen fama, da sulkensa da takobinsa da kirarinsa, a daidai lokacin da zamanin barade ya riga ya wuce. Mawallafinsa shi ne Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina.

Wannan babi zai bi tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa, sannan ya nuna yadda abin da ya gani da idonsa yana yaro ya zama ginshiƙin littafin da ya rubuta da girmansa. Sanin wannan dangantaka yana da muhimmanci ga ɗalibi mai shirin zama malami, domin wanda bai san mawallafi da zamaninsa ba, zai koyar da Ganɗoki a matsayin tatsuniyar aljannu kawai, alhali kuwa akwai tarihi mai nauyi a ƙarƙashinsa.

1.1 Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1890. Ana jingina shi ga garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja ta yau. Mahaifinsa shi ne Malam Shehu Usman, malami masanin shari'a wanda ya riƙe alƙalancin Kagara. Zuriyar gidan ta samo asali ne daga ƙasar Barno, kuma gida ne da aka san shi da karatu tun kaka da kakanni. A wannan gida ne kuma aka haifi ƙanensa Abubakar Imam a shekarar 1911, wato tsakaninsu akwai ratar shekara 21.

Kamar kowane yaro na gidan malamai a wancan zamani, Bello ya fara da karatun allo, ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga karatun littattafan fiƙihu da Larabci a gaban mahaifinsa. Wannan tushe bai taɓa rabuwa da shi ba. Da shi ya koyar a makarantun boko, da shi ya yi alƙalanci, kuma ƙamshinsa yana nan a cikin rubutunsa.

1.2 Ƙasar Kwantagora da Zuwan Turawa

Ba a fahimtar ƙuruciyar Bello sai an san halin da ƙasar Kwantagora take ciki a ƙarshen ƙarni na 19. Wanda ya kafa masarautar shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka ba sarautar Sarkin Sudan a 1859. Ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim Nagwamatse ya hau gadon a 1880, ya kuma yi suna wajen yaƙi da kai hari a ƙasashen Gwari da Kambari da sauran maƙwabta. Ke nan Bello ya tashi ne a ƙasar da doki da mashi da tambarin yaƙi suke cikin rayuwar yau da kullum, inda ake auna namiji da abin da ya yi a bakin daga.

A ranar 1 ga Janairu 1900, Lugard ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewacin Nijeriya a garin Lakwaja. Shekara guda bayan haka, a farkon 1901, sojojinsa suka ci Kwantagora, sannan suka ci Bida. Sarkin Sudan Ibrahim ya fita da jama'arsa ya yi arewa wajen ƙasar Zazzau, kuma iyayen Bello suna cikin waɗanda suka yi wannan gudun hijira. A lokacin Bello yana da shekara 11 ko kusa da haka. Turawa sun kama Sarkin Sudan a 1902, suka tsare shi na wani lokaci, sannan suka mayar da shi kan gadonsa a 1903.

Abin bai tsaya a Kwantagora ba. Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma a ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, dubban jama'a suka bi shi, manya da talakawa. Sojojin Turawa suka bi sawunsa har Burmi, a ƙasar Gwambe, inda aka yi gumurzu a ranar 27 ga Yuli 1903. A nan Sarkin Musulmi ya rasa ransa tare da ɗaruruwan mabiyansa. Waɗanda suka tsira wasunsu sun ci gaba da tafiya har ƙasar Sudan, inda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin kogin Nilu.

Waɗannan abubuwa sun faru ne Bello yana tsakanin shekara 11 da 13, shekarun da abin da yaro ya gani ko ya ji yake zama masa zane a kan dutse. Ya ga gudu, ya ga manyan da ake tsoro sun zama masu neman mafaka, ya kuma ji labarin Bida da Burmi daga bakin mutanen da abin ya shafa.

1.3 Karatunsa a Kano

Bayan da ƙura ta lafa, Turawa suka fara neman 'ya'yan sarakuna da na malamai domin a koya musu karatun boko. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Gidan da ya zauna yana nan har yau, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. A makarantar ana koyar da karatu da rubutu da Hausar boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, akwai kuma sashen sana'o'in hannu. Babbar manufarta ita ce samar da malamai da ma'aikatan da za su riƙe makarantun larduna da ofisoshin En'e.

Bello yana cikin matasan da suka yi karatu a wannan makaranta. Shigarsa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a wancan lokaci jama'a da yawa suna ƙyamar boko, suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Ga shi kuma ɗan gidan da ya yi gudun Turawa. Amma da yake ya riga ya ƙoshi da ilimin addini, sai boko ya zame masa ƙari a kan abin da yake da shi.

Kanon da ya zauna a cikinta tana cikin sauyi mai sauri. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso garin. Fagge, wadda tun da can take zangon ayarin raƙuman Buzaye da fataken hamada a bayan ganuwa, sai ga ta kusa da tashar jirgi da kantunan kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata. A wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin baƙi, akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgi daga kudancin ƙasa da sauran sassan Afirka ta Yamma. Duk wanda ya yi karatu a Nasarawa a waɗannan shekaru ya ga yadda jirgi yake karɓe aikin raƙumi, da yadda alƙalami yake karɓe matsayin takobi. Wannan shi ne sabon zamanin da jarumin littafinsa zai dawo ya tarar.

1.4 Aikin Koyarwa

Da ya gama karatu, Malam Bello ya fara koyarwa a Makarantar Lardi ta Zariya. Da aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a watan Maris na 1922, sai aka ɗauke shi ya koyar da Larabci da addinin Musulunci. Wannan kwaleji ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya, ita ce kuma Kwalejin Barewa ta yau.

Matsayinsa a kwalejin yana da nauyi na musamman. Mafi yawan malaman Turawa ne, darussa kuma da Ingilishi ake yin su. Sarakuna da iyaye ba za su saki jiki su aiko da 'ya'yansu ba sai sun tabbata akwai malami na gida da zai kula da sallarsu da karatun addininsu da ladabinsu. Malam Bello yana cikin waɗanda suka ɗauki wannan amana shekara da shekaru.

A zamanin da yake koyarwa ne manyan mutanen da suka jagoranci Arewa daga baya suka ratsa kwalejin. Daga cikinsu akwai Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, da Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa. Akwai kuma ƙanensa Abubakar Imam, wanda ya zo Katsina yana yaro ya zauna a hannunsa, ya yi karatu a kwalejin daga 1927 zuwa 1932, daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

1.5 Gasar 1933

An kafa Hukumar Fassara a 1929 domin samar wa makarantu abin karantawa. Ayyukanta na farko fassara ne, kamar Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Dare Dubu da Ɗaya. Da aka ga fassara kaɗai ba za ta wadatar ba, sai aka sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi, shugabanta Rupert East ya zaga manyan garuruwan Arewa a 1933 yana roƙon malamai su ƙago labarai da kansu.

Wannan roƙo ya zo wa malamai a baƙon abu. A wurinsu rubutu na ilimi ne da wa'azi da tarihi da shari'a. Tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare, ba abin da babban malami zai ɓata tawada a kansa ba. Saboda haka shigar mutum kamar Malam Bello, malamin addini ɗan shekara 43, ta taimaka wajen nuna cewa ƙagaggen labari ba ya zubar da girma.

Littattafai biyar ne suka yi fice, aka fara buga su daga 1934. Su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin littattafan daga gida ɗaya suka fito, na wa da na ƙane, sannan malami ya shiga gasa ɗaya da ɗalibansa biyu.

1.6 Littafin Ganɗoki

Jarumin littafin, Ganɗoki, shi ne yake ba da labarinsa da bakinsa bayan ya tsufa, masu sauraronsa kuwa yara ne da ba su ga zamanin yaƙi ba. Ana iya kasa labarin gida uku.

Kashi na farko ya tsaya a kan tarihi. Ganɗoki barde ne na ƙasar Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ya yi faɗa da sojojin Turawa, ya bi sahun masu hijira, har zuwa gumurzun Burmi. Sunayen garuruwa da na sarakuna a wannan kashi na gaskiya ne, jerin aukuwar abubuwa kuma ya yi kusa da yadda tarihi ya adana.

Kashi na biyu ya bar duniyar da aka sani. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare sun yi gabas, suka faɗa ƙasashe masu nisa har ƙasar Hindu, inda suka yi ta gwabzawa da aljannu da maguzawa, suna cin nasara, suna shigar da mutane Musulunci. A nan ake ganin tasirin littattafan Larabci na jarumtaka da na hikayoyi irin su Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda malami kamarsa ya saba da su.

A kashi na uku Ganɗoki ya komo gida, ya tarar mulkin Turawa ya kafu, yaƙi ya ƙare, abubuwan zamani sun shigo. Bai sake zare takobi ba, sai ya haƙura ya zauna da sabon zamani.

Ta fuskar salo, ƙarfin littafin yana cikin kirari da zuga da siffanta fagen fama. Mawallafin ya san kayan yaƙi da sunayensu, sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwa, ya kuma san yadda barde yake wasa kansa kafin ya afka wa abokan gaba. Ya ɗauki fasahar maroƙa da makaɗan yaƙi, wadda ta baka ce, ya zuba ta a takarda. Da bai yi haka ba, da yawancin wannan harshe ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi.

1.7 Matsayin Littafin

Tambayar da masu nazari suka daɗe suna yi ita ce, shin Ganɗoki littafin turjiya ne ga mulkin mallaka, ko kuwa na miƙa wuya? Masu ra'ayi na farko suna kafa hujja da cewa jarumin ya yaƙi Turawa, kuma mawallafin bai nuna shi a matsayin mai laifi ba, sai ma ya ɗaukaka shi. Tafiyarsa ƙasar aljannu kuma hanya ce ta ba shi nasarar da bindiga mai ruwa ta hana shi a Burmi. Masu ra'ayi na biyu kuwa suna nuni da ƙarshen littafin, inda jarumin ya yarda da sabon tsari.

Hujjojin biyu duk suna cikin littafin, kuma rayuwar mawallafin tana bayyana dalili. Yaron da ya yi gudun Turawa a 1901 shi ne ma'aikacin makarantarsu a 1933, hukumar da za ta buga littafin kuma tasu ce. Iyakar abin da zai iya faɗa sananne ne. Duk da haka ya sami hanyar da ya sa 'yan makaranta suka karanta labarin waɗanda aka ci da yaƙi daga ɓangarensu, da harshensu, cikin littafin da gwamnatin da ta ci su ta buga da kuɗinta.

Irin wannan dabara ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san ta ba. A ƙasar Japan an yi wani mai zane, Utagawa Kuniyoshi (1798–1861), mutumin birnin Edo wanda ake kira Tokyo a yau. Ya yi suna daga 1827 da hotunan jarumawan da. Akan sassaƙa zanensa a kan allunan katako, kowane launi da allonsa, a shafa tawada a danna takarda, a sayar wa talakawa da araha. Da gwamnati ta tsananta dokar abin da za a buga a 1842, sai a 1843 ya fitar da hoton wani tsohon jarumi mai suna Raiko yana kwance aljannu sun kewaye shi, mutanen gari kuwa suka fassara shi da cewa habaici ne ga masu mulki. Shi da allon katako ya yi aiki, Malam Bello kuma da alƙalami, amma dukansu sun jingina da jarumin da domin su yi magana a kan zamaninsu.

Wajibi ne kuma malami ya tuna wa ɗalibai cewa littafin ya kalli tarihi ne ta idon barde. Hare-haren Kwantagora da ake yi wa kirari sun kasance bala'i ga al'ummomin da aka kai wa, waɗanda aka ƙone garuruwansu aka kama mutanensu bayi. A aji guda ana iya samun jikokin ɓangarorin biyu. Adalcin malami shi ne ya nuna gwanintar harshen littafin, ya kuma bambanta wa ɗalibai tsakanin kirari da tarihi.

1.8 Alƙalanci, Sarauta da Sauran Rubutu

Bayan doguwar hidima a fagen koyarwa, Malam Bello ya koma aikin da ya gada, wato shari'a. Ya yi alƙalanci a En'e ta Katsina, aka kuma naɗa shi Walin Katsina a zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944. Wannan ya nuna irin amincewar da masarautar ta yi da iliminsa da riƙon amanarsa, ga shi kuwa ba haifaffen garin ba ne.

Bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda Kamfanin Gaskiya ya buga a Zariya a 1951. Dikko shi ne sarkin da aka kafa kwalejin a zamaninsa, ya je aikin hajji ya kuma ziyarci Ingila a 1921, ya rasu a 1944. Littafin yana cikin tarihin rayuwar mutum na farko-farko da aka rubuta da Hausar boko, masu binciken tarihin Katsina kuma suna komawa gare shi. Idan aka haɗa littattafan biyu, za a ga ɗaya ya ɗauki mutumin da ya yaƙi Turawa, ɗayan kuma ya ɗauki sarkin da ya zaɓi ya yi aiki da su. Hanyoyi biyun nan su ne manyan Arewa suka tsinci kansu a tsakani bayan 1903, mawallafin kuma ya san kowace daga kusa.

1.9 Rasuwarsa

Alhaji Muhammadu Bello Kagara ya rasu a shekarar 1971, yana da shekara 81 a duniya. An haife shi a zamanin Daular Sakkwato, ya ga faɗuwarta, ya yi aiki a ƙarƙashin Turawa, ya ga samun 'yancin kai a 1960, ya kuma ga kisan ɗalibansa biyu, Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a juyin mulkin Janairu 1966. Allah ya jiƙansa da rahama.

1.10 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa Bello Kagara ya haɗa ilimi biyu, na allo da na boko, ya yi hidima da su a aji da kotu da majalisar sarki. Gudummawarsa ga adabi ita ce buɗe hanyar labarin jarumtaka mai jingina da tarihi, hanyar da marubuta na baya suka bi. Ga mai shirin koyarwa, abin koyi a rayuwarsa shi ne yadda ya karɓi sabon ilimi ba tare da ya yar da na gida ba, da yadda ya adana wa ɗalibansa tarihin iyayensu a lokacin da faɗinsa yake bukatar hikima.

1.11 Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda abubuwan da suka faru tsakanin 1901 da 1903 suka yi tasiri a kan littafin Ganɗoki.
2. Kawo littattafai biyar na gasar 1933 tare da mawallafansu.
3. Me ya sa malaman wancan zamani suka yi ɗari-ɗari da rubuta ƙagaggen labari?
4. Tattauna ra'ayoyi biyu da ake da su game da matsayin Ganɗoki kan mulkin mallaka, ka kuma faɗi wanda ka fi gamsuwa da shi tare da hujja.
5. Tsara darasi na minti 40 da za ka koyar da 'yan ƙaramar sakandare bambancin tarihi da ƙagaggen labari ta amfani da Ganɗoki.